Yadda Labule Ya Duba Zuciyar Malam Isiyaku

Da sunan Allah nake farawa. A duk shekarun da na yi a ɗakin hoto na asibiti, ranar da ta ƙi barin raina ita ce ranar da na riƙe na'urar duban zuciya, alhali ko inda ake kunna ta ban daɗe da sani ba, na ɗora ta a ƙirjin taubashina, Malam Isiyaku baduku na Ƙofar Guga. Ku da kuke aiki a sashen yanzu kun sha jin guntayen labarin nan, kowa da gishirin da yake ƙarawa. Kwanan baya ma wani daga cikinku ya tare ni a bakin masallaci yana tambaya ko gaskiya ne mun taɓa ɓoye Bature a bayan labule. Babu Bature a ciki. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta yadda abin ya kasance, tun da sauran waɗanda za su gyara mini in na yi kuskure.

Da daminar 1999 ne, watanni kaɗan bayan soja sun miƙa wa farar hula mulki. Ni kuwa tun farar hular da ta gabata nake aikin. Na fara ne a ɗakin duhu ina wanke fim, wato in tsoma shi a ruwan magani na farko har hoto ya fito, in ɗauraye, in tsoma a na biyu don ya zauna, sannan in shanya. Da yake karatun allo na fara yi kafin boko, kwalaben maganin duk da ajami nake yi musu alama, kuma hakan ya sa ba mai taɓa mini su. A hankali aka tura ni kwas, na dawo mai ɗaukar hoto, har a lokacin da nake ba ku labari na zama babban mai ɗaukar hoto na sashen. Sama da ni akwai likitoci, sama da su akwai Babban Likita, wani dattijo mai ƙarancin magana wanda ba ya son a ce masa "wataƙila".

Don wanda ba ma'aikacin asibiti ba, bari in ɗan yi bayani. Hoton ƙirji irin wanda muke ɗauka inuwa ce kawai. Zuciya takan fito fara a tsakiya, ta ɗan karkata hagu, huhu kuma baƙi a gefe da gefe. Za ka ga girmanta, ka ga siffarta, amma ba ka ganin cikinta. Kamar dai ka ga inuwar tulu a jikin bango ne, ba ka san ko ruwa ke ciki ko gero ba.

Da sabuwar gwamnati ta zo, cikin kayan da aka rarraba wa asibitoci mu sai muka sami na'urar sikanin ta duban zuciya. Ta iso cikin akwatin katako, aka yi biki, aka yanka kirtani, wani babban baƙo ya yi dogon jawabi yana dafe da janareto, a zatonsa shi ne na'urar. Ita wannan ba inuwa take nunawa ba. Tana da wani ɗan kai kamar ƙaramar tocila a bakin waya. In an shafa wa mutum mai a ƙirji aka ɗora kan nan, sai ya aika wani sauti da kunne ba ya ji, sautin ya dawo, zuciya ta fito a gilashi tana bugawa, da ɗakunanta huɗu, da ƙyamarenta suna buɗewa suna rufewa. A duk asibitin mutum ɗaya ne ya iya ta, Dakta Kabir, wanda ya koyo a Zariya. Matashi ne dogo mai yawan kunya, ba ya rabuwa da wasu sau-ciki na jar fata, wai sun fi sauƙin cirewa in za a yi alwala.

Shi kuwa Malam Isiyaku ɗan kawuna ne, ni ɗan goggonsa. Ya girme ni nesa, amma tun ina yaro ba mu taɓa gama gaisuwa ba tare da tsokana ba. Yana cewa ni bawansa ne, ina cewa shi ne nawa, har muka yi furfura ba a raba gardamar ba. Abin da ya ɗaure al'amarin shi ne, ɗiyarsa ta fari ita ce matar Dakta Kabir. Ko sunanta Malam Isiyaku ba ya faɗa, sai dai ya ce "ta Ƙofar Kwaya", domin can suke zaune, mijin kuma "mutumin Ƙofar Kwaya". In Dakta ya je gaisuwa, tun daga bakin zaure yake cire takalmi, ya tsuguna can nesa, su gaisa kowa yana kallon bangonsa. In suka hangi juna a hanya, wanda ya fi kusa da lungu shi ke shigewa. Ni ma a lissafi surukin Dakta ne, amma aiki ya daɗe da cinye wannan kunyar. Baba Haruna yake ce mini, muna cin ƙosai a takarda ɗaya.

A farkon daminar nan Malam Isiyaku ya fara rama, yana zazzaɓi da yamma, daga baya numfashi ya fara yi masa wuya. Ranar da na je duba shi na tarar da shi a zaure, jingine da bango a tsakiyar fatu, domin ba ya iya kwanciya. Ƙafafunsa sun kumbura, baduku guda ya rasa takalmin da zai shige shi.

Ya ce, "Bawa, ka zo ka ga ko na mutu ka gaji wuƙaƙena?"

Na ce, "Wa zai gaji tsatsa? Tashi mu tafi asibiti."

"In je ka haska mani wuta ka ƙarasa ni?"

"In na so ƙarasa ka ai ba sai na ɓata wutar gwamnati ba."

Ya fara dariya, dariyar ta koma tari, ya daɗe kafin ya dawo daidai. A nan na ga jijiyoyin wuyansa sun tashi kamar igiya, wasa ya fita raina. Washegari ƙannensa suka kawo shi, aka ba shi gado, na ɗauki hoton ƙirjinsa da kaina. Da na ɗaga fim ɗin a haske sai na ga zuciyar ta cika ƙirji, ta yi zagaye kamar tulu.

Babban Likita ya duba fim, ya sa abin sauraro a ƙirjinsa, sannan ya kira ni waje. Ya ce yana jin bugun can nesa, kamar ganga a wani ƙauye. Ya ce abu biyu ne ke kawo irin wannan inuwa. Ko dai naman zuciyar ne ya saki ya buɗe, wannan kuwa ƙwayoyi ake bayarwa. Ko kuma zuciyar lafiyarta lau, ruwa ne ya taru a cikin jakar da Allah ya lulluɓe ta da ita yana matse ta, wannan kuwa sai an soka allura ta ƙahon zuci an zuƙe. Ya ce, "In na soka allura babu ruwa, zuciyar zan huda. In na ba shi ƙwayoyi alhali ruwa ne, ba zai kai Juma'a ba. Ba na aiki da wataƙila, Malam Haruna. A kai shi sikanin."

Na koma na gaya wa taubashina cikin raha, wai za a haska shi a talabijin kamar gwamna. Ya saurara, sannan ya ce, "Wa ke duba mutane da ita?"

Na faɗa masa. Sai ya kama wuyan rigarsa ya haɗe.

"In tuɓe riga gaban mutumin Ƙofar Kwaya? Shi shahwa mani mai a ƙirji kamar jinjiri? Haruna, mi na yi maka a duniya?"

Na ce, "Maganar rai ake yi, Isiyaku."

Ya ce, "Rai na hannun Allah. Kunya kau tana hannuna."

Ƙannensa suka yi magana, limamin unguwarsu ya zo ya yi masa nasiha cewa lalura tana da hukuncinta, ya ce ya ji, ya gode, amma bai saki wuyan riga ba. Aka kawo shawarar kai shi Zariya, Babban Likita ya ce hanya kaɗai ta isa ta gama da shi. Ɗiyarsa tana zuwa ta tsaya a bayan taga tana kuka, ita ma ba ta iya shiga ta roƙe shi. Da na sami Dakta Kabir, na tarar ya fi kowa shiga damuwa. Ya ce, "Baba Haruna, in ya yarda zan yi, aikina ne. Amma na rantse ban san inda zan sa idona ba."

Dabara ta zo mini ne bayan sallar la'asar, ina zaune a ɗakin na'urar ina kallon wayarta. Na ga ta fi tsawon hannu biyu. Na ce a raina, ita dai na'urar nan ba ta san hannun wa ya riƙe ta ba. In aka ja labule tsakanin gado da gilashi, ni in tsaya a bakin labulen inda zan ga ɓangarorin biyu, in riƙe kan na'ura a ƙirjin mutumin, Dakta yana bayan labule yana kallo yana yi mini nuni da hannu, ai an duba zuciya kuma ba a tuɓe gaban suruki ba.

Na kai wa Babban Likita shawarar. Ya kalle ni ta saman tabarau.

"Kai ka iya?"

"Ban iya ba, ranka ya daɗe. Amma ina da hannu, shi kuma yana da ido."

Ya ce, "A gwada. In hoton bai fito sarai ba, ba na soka allura."

Lokaci ya ƙure, don haka a gurguje aka koya mini. Na je mahauta na sayo zuciyar rago, Dakta ya tsaga ta a faranti ya nuna mini ɗakuna biyu ƙanana a sama masu karɓar jini, biyu manya a ƙasa masu tura shi, da bangon da ya raba dama da hagu, da ƙyamaren da ke tsakani. Ya nuna mini ragowar tantanin da ke lulluɓe da ita, ya ce wannan ita ce jakar da ake magana. Na zana su a kwali, na sa wa ɗakunan alif, ba, jim, dal, domin sunayensu na Turanci sun ƙi zama a kaina. Sannan muka kira Malam Tanko maigadi, mutum siriri wanda ake ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa, muka kwantar da shi na yi ta gwaji a kansa. A nan na gane cewa sautin ba ya ratsa ƙashi kuma ba ya son iskar huhu, sai ka nemi 'yar taga tsakanin haƙarƙari biyu, ko gefen ƙashin ƙirji ta hagu, ko ƙasan nono inda bugu ya fi fitowa. Muka shirya alamu: yatsa sama in matsa sama, murza hannu kamar mai buɗe kwalba in juya kan, tafin hannu a buɗe in tsaya cak. Malam Tanko ya sha barcinsa a ƙarƙashin fanka, ya tashi ya gasa zuciyar ragon ya cinye, daga nan ya shiga gaya wa duk mai shigowa ƙofa cewa an duba, babu zuciya mai kyau irin tasa a Katsina.

Saura shawo kan mai zuciyar. Ni ba na son ƙarya, ko da ta taubashi ce, don haka na auna kalmomina.

Na ce, "An koya mini na'urar. Hannuna ne zai taɓa ka, ba na kowa ba."

Ya ce, "Kai? Kai da ko akuya ba ka iya ɗaurewa?"

"To zaɓi, ni ko mutumin Ƙofar Kwaya."

Ya yi tsaki. "Gara bawana shi kashe ni, a san inda za a nemi diyya."

Da hantsi Sista, ma'aikaciyar jinyar ɗakinsu, ta turo shi a keken marasa lafiya. Mun riga mun ja koren labule, Dakta yana zaune a kujera a bayansa, gaban gilashi, mun yi alkawari ko tari ba zai yi ba. Malam Isiyaku ya yi sallama a bakin ƙofa da 'yar muryar da ta rage masa. Ni na amsa. Amma ta gefen ido na ga abin da ba mu shirya ba. Jin sallamar surukinsa ke da wuya, Dakta ya zare ƙafafunsa daga takalmi, ya ture su gefe, ya sauko daga kujera ya tsuguna a ƙasa, kai a sunkuye. Babu mai ganinsa sai ni da Allah. Na yi masa nuni ya koma kujera, ya girgiza kai. Haka ya yi aikin nan gaba ɗaya, a tsugune, yana miƙa hannu sama yana murɗa maɓallai kamar mai tsinkar 'ya'yan itace.

Muka ɗora Malam Isiyaku a gado, muka tokare shi da matasai, Sista ta fita. Ya cire riga yana hararata. Na matsa masa man nan mai sanyi mai yauƙi.

"Miyar kuɓewa kuka samu ta kwana?"

"Ta gwamnati ce, yi shiru."

Na yi bisimilla na ɗora kan na'ura a gefen ƙashin ƙirji. Gilashi bai nuna komai ba sai yayyafi, kamar talabijin bayan an rufe tasha. Dakta ya ɗaga yatsa, na matsa sama. Ya nuna hagu, na tafi hagu, ashe tasa hagun yake nufi, tunda fuskantata yake. Ya dafe kai. Na dawo, na hau kan haƙarƙari, gilashi ya yi baƙi ƙirin. Gumi ya fara zubo mini. Jikin Malam Tanko daban, wannan daban, kuma mutumin yana haki, ƙirjin ba ya tsayawa wuri ɗaya.

"Mi ka gani?" in ji Malam Isiyaku.

"Na ga gyaɗar da ka sata a gonar kawu."

"Tare muka ci. Duba da kyau, rabonka na nan."

Dakta ya kwantar da tafin hannunsa a gefe, alamar a juya shi. Na taimaka masa ya kwanta a kan gefen hagu, domin a haka zuciya take matsowa kusa da haƙarƙari. Wannan kwanciyar ta sa fuskarsa ta koma wajen labule. Na laluba da yatsa ƙasan nono, na ɗora kan na'ura, na murza kaɗan yadda aka nuna mini. Sai ga ta.

Na sha ganin zuciya a fim, amma ranar na fara ganin ta wanda nake ƙauna tana motsi. Ga alif da ba, ga jim da dal, ga bango a tsakiya, ga ƙyamare suna kaɗawa. Ashe zuciyar ba ta buɗe ba, 'yar daidai ce. Abin da ya cika fim ɗina wani baƙi ne mai kauri da ya zagaye ta, kamar cikin harafin nun arau na allo da aka cika wa tawada. A wannan na'ura ruwa baƙi yake fitowa. Zuciyar tana lilo a tsakiyarsa kamar kifi a ƙwarya, gefenta na dama yana lotsawa duk sanda ta so ta cika. Na dubi Dakta. Ya buɗe tafin hannu, ya kuma nuna mini baki, wato in tsaya cak, in kuma riƙe mutumin da hira kada ya motsa, har ya gama aune-aunensa.

To, a nan ne Shaiɗan ya zo ya zauna a kafaɗata. Hankalina ya kwanta, an ga abin da ake nema, ga suruki a tsugune ba shi da ikon yin tari, ga taubashi a hannuna. Irin wannan dama ba ta zuwa wa mutum sau biyu.

Na ce, "Wai ni Isiyaku, tunda ba ka ganin kowa a ɗakin nan sai ni, mutumin nan na Ƙofar Kwaya, yaya kake ganinsa?"

Dakta ya zaro ido, ya haɗa hannu biyu yana roƙona. Na yi kamar ban gani ba, na nuna masa gilashi da haɓa.

Malam Isiyaku ya tara numfashi. Sannan ya ce, a hankali, yana hutawa tsakanin kalmomi, "Yaron kirki ne. Tun da ya ɗauke ta ba ta taɓa zo mani da kuka ba. Na ji an ce shina hana kanshi abinci don ɗiyan wasu. Ban taɓa hwaɗa mashi ba, ba maganar bakina ba ce. Amma bayan kowace salla shi nake fara sawa a addu'a kahin nawa."

Na so in ji abin dariya, sai na ji wannan. Na saci kallon Dakta, na ga hawaye yana bin kumatunsa, hannunsa yana sama yana danna maɓalli.

"Aibinshi guda," in ji Malam Isiyaku.

Na ce, "Yawwa, shi nake jira."

"Bai san darajar hwata ba. Jar hwatar da na zaɓo da kaina wajen majema, na ɗinka da hannuna, na aika a kai mashi. Dubi yadda bakinsu ya tsage don rashin mai. Ko man gyaɗa ne ai a riƙa shahwa masu."

Da haɓa ya yi nuni. Na leƙa ta kan gado. Labulenmu bai kai ƙasa ba, saura kamar taƙi guda. Ga sau-cikin jar fata nan sun leƙo ta ƙarƙashinsa, a jere, suna fuskantar wanda ya ɗinka su. Mu da kanmu muka juya shi ya kalle su.

Hannuna ya zame, zuciya ta ɓace daga gilashi. A bayan labule Dakta ya dubi ƙafafunsa, ya dubi ni, na tabbata da ƙasa za ta tsage da ya shige.

Malam Isiyaku ya lumshe ido ya ce, "Riƙe da kyau, bawa. Bari labule shi gama aikinshi."

Na sake nemo tagar, Dakta ya ƙarasa awo, ya tsayar da hoton a gilashi. Ina goge wa mutumin mai a ƙirji ya ce, "To mi labulen ya gani?"

Na sa kai a bayan labule, aka raɗa mini, na fito. "Labule ya ce zuciyarka lafiyarta lau. Ruwa ne ya taru a jakarta ya matse ta."

"Jaka? Ashe ma aikinmu ne. To a zazzage."

Babban Likita ya zo ya duba hoton, ya tambayi zurfin ruwan da inda ya fi taruwa, ya ce bayan azahar za a zuƙe. Da na kai wa Malam Isiyaku labari sai ya kawo nasa sharaɗin.

"Wa zai soka?"

"Babban Likita da kansa."

"Shi ya ga ruwan?"

"Ya gani a hoto."

"To a kawo labulen. Wanda ya ga ruwa da idonshi shi tsaya kusa."

Na ce akwai matsala, domin wannan karon dole labule ya yi magana, ya riƙa gaya wa Babban Likita inda allura ta kai. Ya yi tunani ya ce, "Shi yi da Turanci. Turanci ba ya shiga kunnena."

Haka kuwa aka yi. Na riƙe kan na'ura, Babban Likita ya kashe wurin da allurar kashe zafi, ya shiga ta ƙahon zuci a hankali, labule yana yi masa jagora da Turanci, Malam Isiyaku yana kallon rufi yana salati. Ruwa ya fara fitowa, kalar shayi marar madara. Ina kallon gilashi baƙin nan yana ragewa, ɗakin da ke lotsawa ya miƙe ya cika. Kafin a cire allura numfashinsa ya sauka. Da la'asar na leƙa ɗakinsu na tarar da shi kwance a miƙe, ba matashi, yana minshari, abin da ya yi makonni bai samu ba. Gwajin ruwan ya sa likitoci suka ɗora shi a kan maganin tarin fuka, ya sha na watanni, Allah ya ba shi lafiya, ya koma zaurensa ya ci gaba da ɗinki shekaru masu yawa.

Duk lokacin da ya dawo a sake dubawa, tsarin bai canja ba: ni da hannu, labule da ido. Sista ta so ta sauke kalmasar labulen ya kai ƙasa don kada a sake jin kunya, Malam Isiyaku ya ce a bar shi yadda yake, yana so ya riƙa ganin ko ana shafa mai. Ana shafawa kuwa, har ƙyalli suke. Da Sallah ta zo sai ga ƙunshi an kawo sashenmu daga Ƙofar Guga, sababbin sau-ciki da ɗan gwangwanin mai, ɗan aiken ya ce an ce na labule ne. Ni kuma aka ba ni igiyar fata mai kyan saƙa, wai ta ɗaure bawa. Har Allah ya karɓi ransa, shi da Dakta ba su taɓa tayar da maganar ba. In Dakta ya je gaisuwa, a bakin zaure yake cire takalmi, ya tsuguna nesa, kowa ya kalli bangonsa.

Ku da kuke aikin yanzu, na'urorinku sun fi tamu, har launin jini suke nunawa, kuma kun san sunan kowane ɗaki ba sai kun sa masa alif da ba ba. Abin da nake so ku riƙe daga labarin nan kaɗan ne. Mu masu hoto muna ce wa mutane su tuɓe riga daga safe har yamma, har mun manta nauyin maganar a kunnen wanda ake gaya wa. Wanda ya ƙi, ba lallai jahilci ne ya hana shi ba. Wani ya san ciwonsa sarai, ya san kuma zai iya kashe shi, amma akwai abin da ya riƙe tun yana yaro wanda ba zai ajiye a bakin ƙofarku ba. Kada ku tsaya jayayya da shi, ku nemo masa labule. Sau da yawa za ku tarar ya fi ku sanin abin da ke bayansa, so yake kawai a ba shi inda zai kau da kai.

Allah ya jiƙan Isiyaku, ya sa ya huta. Igiyar tana nan rataye a ɗakina, kuma ina so a shaida cewa karɓa kawai na yi, ban yarda ni ne bawan ba.